Yabon Malam Sirajo

Akwai wani malamin Turanci a Tambuwal, ana ce masa Malam Sirajo. Dogo ne siriri, kullum hularsa a karkace, yana koyarwa a wata sakandare da ke bakin gari.

Tsakani da Allah mutumin yana da kirki. Ba ya fashin aji, ba ya cin haƙƙin kowa, jam'i ba ya wuce shi. Idan maƙwabci ya kwanta ciwo, shi ne na farkon zuwa dubiya. Amma bakinsa, jama'a, sai dai a yi shiru.

Ba zagi yake yi ba fa. Tunda yake ba wanda ya taɓa jin ashar a bakinsa. Shi yabo yake yi, irin yabon da za ka tafi kana murna, sai ka kai ƙofar gida sannan ka gane an gama da kai.

Ɗalibi ya makara, sai Malam ya ajiye alli ya ce, "Sannu da isowa, ranka shi daɗe. A yi muna afuwa, mun fara ba mu jira ka ba."

Maƙwabci ya shafa wa gidansa koren fenti shar, sai Malam ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Madalla da wanga aiki. Yanzu ko daga jirgin sama ana gane gidanka."

Ko matarsa Mas'uda ba ta tsira ba. Ranar da gishiri ya ɗan yi yawa, sai ya lashe hannu ya ce, "Allah shi yi miki albarka. Yau kam gishirin ga ya samu 'yar miya cikinai."

Kuma abin alfahari ne a wurinsa. Wata rana a aji ya rubuta wata kalma a allo, sarcasm, ya ja mata layi.

Ya ce, "Haka Turawa ka ce mai. Mu gatse muka sani. Ka faɗi magana mai daɗi, nufinka akasinta. Ya bambanta da zambo, don zambo kai tsaye shika zuwa. Ya bambanta da habaici, don mai habaici ɓoye wanda shika nufi shikai. Shi wanga gaban mutum za ka yi mai shi, kana murmushi. Kuma ba kowa ka iya shi ba, sai mai kai."

Wata ɗaliba mai suna Ummu ta ɗaga hannu daga baya. "Malam, to ƙaƙa za a gane ko mutum da gaske shikai?"

"Da murya, da fuska," in ji Malam. "Tambaya mai kyau, Ummu. Ashe dai ana farkawa can baya."

Aji ya kwashe da dariya. Ummu ba ta sake ɗaga hannu ba har aka yi hutu.

Shekara da shekaru ana haka, har abin ya zauna masa a fuska. Idan zai yi magana sai gefen leɓensa ya ɗage, muryarsa ta ja. Ya kai ko "ka yi kyau" ya ce wa mutum, sai mutumin ya duba rigarsa ko ya sa ta a bai-bai.

To, akwai wani saurayi, Suhaibu. Mahaifinsa Abdulhamidu aminin Malam Sirajo ne tun suna yara, ya rasu Suhaibu yana firamare. Kafin ya cika ya riƙe hannun Malam ya ce ga amanar yaron nan, har ranar da za ka karɓar masa aure.

Malam ya riƙe amanar, wannan kam ba wanda zai musa. Shi ya ɗauki karatunsa har ya gama makarantar koyon aikin lafiya. Yana son yaron har cikin ransa, kuma Mas'uda takan ji shi bayan salla yana ambaton sunansa a addu'a kafin na 'ya'yan cikinsa.

Sai dai Suhaibu bai taɓa jin ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba. Da ya zo na ɗaya a aji, Malam cewa ya yi, "To, ashe sauran duk ba su da lafiya ranar jarrabawa." Da ya samu aiki aka tura shi wani ƙaramin asibiti a Kebbe, cewa ya yi, "Allah shi ba marasa lafiyar Kebbe haƙuri."

Suhaibu yakan yi murmushi kawai ya sunkuyar da kai. Ya saba.

A Kebbe ne ya haɗu da Fiddausi, malama a wata firamare, 'yar Alhaji Ɗangiwa mai sana'ar hatsi. Suka daidaita, magana ta kai gaban manya. Alhaji ya ce babu laifi, amma sai an yi bincike kamar yadda aka saba. Ba a ba mutum 'ya sai an je garinsu an ji halinsa daga bakin waɗanda suka san shi.

Ya tashi ƙanensa Mannir. Shi Mannir mutum ne mai tsantseni, ba ya son ya kai labarin da bai tabbatar ba. Ranar kasuwa ya hau babur ya nufi Tambuwal.

Ya fara da limamin unguwa, liman ya ce yaron kirki ne. Ya tambayi maƙwabta, suka ce haka. Daga nan ya ce bari ya ƙarasa wurin wanda ya rene shi, tunda shi ya fi kowa sanin ciki da waje.

Ya sami Malam Sirajo bayan la'asar a majalisarsu, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da mutane kamar biyar a kan benci. Suka gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Nan fa zuciyar Malam ta cika. Ya tuna amininsa, ya tuna yaron yana ƙarami da jakar buhu a rataye. Karo na farko a rayuwarsa ya buɗe baki don ya yabi Suhaibu da gaske.

Ya ce, "Suhaibu? Ai ko ka zagaye Tambuwal ba ka samun irinai. Ga natsuwa, ga kunya, ga riƙon amana. Ni dai ban san aibinai ba ko guda. In kunka ba shi ɗiyarku, kun yi dace."

Kowace kalma daga zuciyarsa ta fito. Amma da wace murya ta fito? Da wadda yake da ita. Gefen leɓen nan ya ɗage, muryar ta ja, don ba shi da wata.

Mutanen benci suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya kama tari. Wani ya tashi ya zaga bayan bishiya kafaɗunsa suna rawa. Mannir ya lura, amma bai gane komai ba, ya ɗauka ko wata hira ce tasu ta daban. Ya yi godiya ya tashi yana jin daɗi.

Da ya kama hanya da shi ke nan. Sai Allah ya sa tayarsa ta baya ta yi faci kafin ya fita gari. Ya tura babur zuwa wurin wani mai faci, Almu, ya zauna jira. Hira ta kawo hira, har ya ba shi labarin abin da ya kawo shi.

"Suhaibu na gidan marigayi Abdulhamidu?" in ji Almu. "Yaron kirki na."

"Haka kowa yac ce. Har Malam Sirajo cewa yay yi mun yi dace."

Almu ya tsaya da aikin. "Wa?"

"Malam Sirajo."

"Da bakinai yac ce kun yi dace?"

"Awo. Yac ce bai san aibinai ba ko guda."

Almu ya ajiye tayar a hankali, ya goge hannu a wando. "To fa."

"To fa mi?"

"Baƙo, kai ba ka san Malam ba. Bara na sayo wata akuya, ya gan ni ina janye da ita, yac ce, Almu ka yi dace. Ba ta ga sati ba. Mutumin ga in yac ce maka sannu da ƙoƙari, koma ka duba abin da kaɓ ɓata."

Mannir ya ji kansa ya ɗaure. "Amma kai yanzu kac ce yaron kirki na."

"Ni iyakar sanina ke nan. Amma ni daga nesa nika ganinai. Shi fa shi ya rene shi. In har shi yac ce hakanga, akwai abin da ya sani wanda mu ba mu sani ba."

Aka gama faci, Mannir ya kasa tafiya. Ya koma cikin gari ya sake tambayar mutane. Duk wanda ya tambaya sai ya ce Suhaibu ba shi da matsala. Da zarar ya ƙara da cewa ai Malam Sirajo ma ya yabe shi, sai fuskar mutum ta canja, ya ce, "Ya yabe shi? To, Allah shi kyauta."

Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Mutanen da suka san Suhaibu tun yana rarrafe suka fara tambayar juna, wai me yaron nan ya yi ne? Ko wani abu ya faru a Kebbe? Ba wanda ya san laifin, amma kowa ya yarda akwai shi.

Mannir ya isa gida ya sami yayansa a zaure.

"Ƙaƙa kat taras?" in ji Alhaji Ɗangiwa.

"Yaya, kowa ya yabe shi."

"Alhamdu lillahi."

"Sai dai akwai matsala. Har wanda ya rene shi ya yabe shi."

Alhaji ya dube shi. "Mannir, rana ta buge ka bisa hanya?"

"Lafiyata lau. Wai shi mutumin, in ya yabi abu, to abin ya lalace."

"To zagin yaron yay yi?"

"A'a, yabo na. Yabo mai kyau ƙwarai. Shi na abin tsoron."

"Da ya zage shi fa?"

Mannir ya ɗaga kafaɗa. "Wallahi ban tambaya ba. Wataƙila da ya fi."

Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Shi mutum ne da ya saba da kasuwa, inda buhu in gero ne gero ne. Bai taɓa jin inda shaidar kirki ta zama abin tsoro ba. Amma 'ya ba abin wasa ba ce. Ya aika wa Suhaibu cewa a dakata da maganar tukuna.

Suhaibu ya rasa inda zai sa kansa. Jiya ana maganar sa rana, yau an ce a dakata, kuma ba a faɗi dalili ba. Fiddausi ce ta kira shi a waya tana kuka, ta gaya masa abin da ta jiyo daga wurin mahaifiyarta.

Ranar Asabar ya zo Tambuwal. Ya sami Malam a tsakar gida yana duba takardun ɗalibai, ya durƙusa ya gaishe shi.

Sannan ya ce, "Baba, mi niy yi maka?"

Malam ya ɗago. "Kamar ƙaƙa?"

"Mutanen Kebbe sun ce a dakata. Sun ce kai kab ba da shaida."

"Awo, na ba da. Yabonka niy yi."

"Shi nika nufi, Baba."

Malam ya ajiye biro. Ya kasa gane inda maganar ta dosa. "Kai, ba ka ji ni ba? Cewa niy yi babu irinka Tambuwal. Nic ce sun yi dace."

Suhaibu ya ƙara sunkuyar da kai. "Na ji. Baba, in akwai abin da kas sani game da ni, da ka kira ni cikin gida ka faɗa man, in gyara. Ba sai gaban baƙo ba."

Maganar nan ta soki Malam. Ya ce da gaske yake, ya maimaita, ya ƙara maimaitawa. Suhaibu yana cewa "to, Baba," irin "to" ɗin da yake yi tun yana yaro idan an yi masa gatse. Ya yi sallama ya leƙa gidan mahaifiyarsa, ya koma Kebbe.

Malam ya juya wurin Mas'uda, wadda ke bakin murhu tana jin komai.

"Kin ji yaron ga? Ya haukace?"

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. "Malam, ni da nika dafa maka abinci tun kan a haifi Suhaibu, har yau ban san ranar da miyata tay yi daɗi ba. In kac ce ta yi, sai in ɗanɗana in ji mi ab babu."

"Ke ma?"

"Ni ma."

Ranar bai iya cin tuwon ba. Ya zauna yana juya abin a ransa, yana jin haushi, ya rasa wa zai ji wa. Shi dai ya san gaskiya ya faɗa. Ta yaya gaskiya za ta fito daga bakin mutum ta zama ƙarya kafin ta kai kunne?

Washegari ya sa babbar riga, ya hau babur sai Kebbe.

Alhaji Ɗangiwa ya karɓe shi da mutunci. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Mannir ya zauna a gefe, aka kawo fura a kwano. Malam ya sha, tafiya ta sa shi ƙishi, ya ajiye ludayi ya ce, "Kai, wagga fura ta yi daɗi."

Mannir ya dubi yayansa. Alhaji ya dubi kwanon.

"Mannir, shiga ka ce a damo wata."

"A'a, Alhaji," in ji Malam da sauri. "Da gaske nikai. Ta yi daɗi."

"Kada ka ji nauyi, Malam. In nonon ya yi tsami a sake."

"Bai yi ba."

Mannir ya tsaya riƙe da kwano, bai san ko ya shiga ko ya zauna ba. Daga ƙarshe ya ɗanɗana da kansa, ya ce shi dai bai ji komai ba, ya ajiye a tsakiya. Ba wanda ya sake taɓa furar.

Malam ya gyara zama ya shiga bayani, irin na aji. Ya ce akwai wani salon magana da mutum kan faɗi abu yana nufin akasinsa, don raha. Ya ce shi yakan yi shi wani lokaci, shi ya sa mutanen Tambuwal suka yi masa mummunar fahimta.

Alhaji ya saurara har ya gama. Sannan ya ce, "Na ji. To wanda kay yi ma ƙanena, wane iri na?"

"Na gaskiya."

"Wanga da kaka yi yanzu fa?"

"Shi ma."

"To da mi za ni gane?"

Malam ya ɗaga baki zai ce da murya da fuska, sai ya ji gefen leɓensa ya riga ya ɗage. Ya sa hannu ya shafa bakinsa. Ya gwada sassauta murya, ta fito a ja kamar kullum. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba, yau ga shi zaune a zauren mutane yana zufa.

Da ya sake magana, bai yabi kowa ba. Labari ya bayar. Ya faɗi yadda Abdulhamidu ya riƙe hannunsa a gadon asibiti. Ya faɗi yadda yaron yake zuwa ya share masa ƙofar gida kafin ya tafi makaranta ba tare da an sa shi ba. Ya faɗi ranar da Mas'uda ta yi rashin lafiya, Suhaibu ya bar jarrabawar gwaji ya zauna da ita.

Ya ce, "Na rantse da Allah wanda raina ke hannunai, ban san yaron ga da mugun hali ba. In kunka hana shi don maganata, na ci amanar mamaci."

Muryarsa ta karye a nan. Hawaye suka zubo masa, ya sa hannun riga ya share.

Alhaji Ɗangiwa ya yi ajiyar zuciya. "Ya isa, Malam. Musulmi ya rantse, na yarda. Za ni ba Suhaibu ɗiyata."

Malam ya fara godiya, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Amma ina da roƙo guda. Wa za shi karɓar mai auren?"

"Ni na. Alkawali na tsakanina da ubanai."

"To nan na roƙon. A samu wani."

Malam ya ɗauka bai ji daidai ba. "A samu wani?"

"Kada ka ɗauka raini na. Ranar nan mutanenku za su zo, mutanena za su zo. Liman shi tambaya, ka ce ka karɓa. Naku su sunkuyar da kai suna dariya, nawa su bi su da kallo. Shaidu anka tara, Malam. Ba ni son a tashi wani na tambayar wani ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Kai da kanka ka gani, sai da kay yi kuka kan in gane ka."

Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ɗiyar ga tawa mai raunin zuciya ta. In ta kai maka abinci, don Allah ko ka yi shiru ya fi."

Malam ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Amma yana da sauran abin dogaro guda.

Ya ce, "A kira Suhaibu. In ya yarda da haka, ni ma na yarda."

Ya faɗi haka ne don ya tabbata yaron ba zai yarda ba. Wa ya rene shi? Wa ya tsaya masa?

Asibitin ba nisa, aka aika aka kira Suhaibu, ya zo da farar rigarsa ta aiki. Ya durƙusa daga bakin ƙofa. Alhaji ya maimaita masa maganar, ya ce an ba shi Fiddausi, ga kuma roƙon da ya yi.

Malam ya zuba masa ido yana jira.

Suhaibu ya daɗe yana kallon tabarma. Yana son Malam, kowa ya sani. Amma ya riga ya ga yadda kalma ɗaya ta kusa raba shi da Fiddausi, kuma tsoro bai sake shi ba.

A hankali ya ce, "Akwai Baba Uthman na Dogon Daji. Ɗan'uwan mahaifina na."

Uthman ɗin nan ko fensir bai taɓa saya wa yaron ba. Amsoshi masu zafi sun zo wa Malam har bakin leɓe, irin waɗanda da a majalisa ne sai an riƙe ciki. Ya haɗiye su duka. Ya ce, "Allah shi sa haka ya fi alheri," ya tashi ya nemi takalmansa.

Bayan kaka aka ɗaura auren a ƙofar gidan Alhaji Ɗangiwa. Motoci da babura suka zo daga Tambuwal, da Jabo, da Sanyinna. Aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya.

Malam Sirajo ya zo da wuri, amma bai shiga gaba ba. Ya samu wuri can baya kusa da inda aka jera takalma ya zauna. Daga nan ya ji liman ya yi tambaya, ya ji muryar Uthman ta ce ya karɓa. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya dubi wani. Aka shafa fatiha.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ranar da ya yi shekaru yana jira ke nan, ga ta ta zo ta same shi a cikin 'yan kallo.

Da mutane suka fara raguwa, ya kutsa ya isa wurin ango. Ya kama hannun Suhaibu da hannu biyu. Tun a hanya yake ta maimaita abin da zai faɗa, don ya fito daidai.

Ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗana. Da ubanka na raye, da ya yi alfahari da kai. Ni ma ina yi. Tun kana ƙarami nika yi."

Suhaibu ya ɗago ya dubi fuskar Malam, ya dubi bakinsa, ya dubi idonsa, yana neman ya gane. Malam yana tsaye yana kallon yaron da ya rena yana lalube a fuskarsa.

Sai can Suhaibu ya ce, "Amin, Baba. Na gode."

Abokai suka ja ango wurin hoto. Malam ya tsaya shi kaɗai a wurin, bai san ko yaron ya yarda ba.

Darasi: 'Yan'uwa, gatse yana sa a yi dariya, amma duk ranar da ka yi shi kana rage wa maganarka daraja ne. Idan ka saba wa mutane da yabon da ba yabo ba, ranar da za ka buƙaci a yarda da kai ba za ka samu ba, ko a wurin wanda ka fi so. In kana ƙaunar mutum, gaya masa a fili tun yana iya jin ka. In ya yi kuskure, ja shi gefe ka faɗa masa kai tsaye. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wancan na majalisarku mai kaifin baki, wataƙila ya gyara tun kafin a kai ga haka.